Umarnin Baki: Gardamar Da Muka Yi Kan Fim Ɗin Breaker Morant

Jama'a, yau rubutun zai yi tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare. Ba zancen tsadar mai ko albashi zan yi ba. Wani tsohon fim ne ya haɗa mu gardama a majalisarmu dare uku a jere, har wani ya tashi cikin fushi ya bar shayinsa, kuma tun ranar abin yake cina a rai.

Sunan fim ɗin Breaker Morant. 'Yan Ostireliya ne suka yi shi a 1980, Bruce Beresford ya ba da umarni. Galibinsa a ɗaki ɗaya aka yi shi, ɗakin kotun soja: alƙalai cikin kaki a bayan dogon tebur, ga hafsoshi uku da ake tuhuma, ga lauyansu. Mu biyar muka kalle shi a gidana daren Asabar. Da ni, da abokina lauya da muke kira Barista, da kawuna tsohon soja da ya yi ritaya yana samanja, da wani ƙanena na wurin aiki, sai uwargida da ke shiga tana fita da kofuna amma ashe ta fi kowa lura.

Bari in fara shimfiɗa tabarma, don ba kowa ne ya karanta yaƙin Bowa a makaranta ba. Bowa Turawa ne, yawancinsu jikokin mutanen Holan da suka zauna a kudancin Afirka tun ƙarni na 17. Kalmar ma manomi take nufi a harshensu. Sun kafa jamhuriya biyu, Transvaal da Orange Free State, a kan ƙasar da suka ƙwace daga hannun baƙar fata. A 1886 aka gano zinare a inda Johannesburg take yanzu, daga nan idon Ingila ya faɗa kan wurin. Yaƙi ya ɓarke a Oktoban 1899. Zuwa Yunin 1900 Ingila ta kama Firitoriya, ta ɗauka an gama. Ashe ba a ma fara ba. Bowa suka bazu cikin daji a kan dawakai, suka koma sari-ka-noƙe. Ba kaki, ba bariki, yau mutum yana gona, gobe yana bayan dutse da bindiga.

A ƙarshen 1900 Lord Kitchener ya karɓi ragamar rundunar Ingila. Dabararsa ita ce a ƙone gonaki, a kashe dabbobi, a kwashe mata da yara a zuba a sansanoni, don mayaƙan su rasa mai ba su abinci. Kusan Bowa 28,000 ne suka mutu a sansanonin nan saboda yunwa da ƙyanda da zazzaɓi, mafi yawansu yara. An yi wa baƙar fata nasu sansanonin daban, inda aka rubuta mutuwar fiye da 14,000, masana tarihi da dama kuma suna ganin adadin ya kai 20,000. Ku riƙe wannan a rai, domin a cikin wannan yaƙin ne aka kafa kotu don binciken kisan mutum goma sha wani abu.

A Fabrairun 1901 aka kafa wata runduna ta 'yan sa-kai masu dawakai, Bushveldt Carbineers, aka tura ta can arewacin Transvaal, nesa da idon manya, ta yaƙi Bowa da irin salonsu. Da yawa cikin 'yan rundunar mutanen Ostireliya ne. A cikinsu akwai Laftanar Harry Morant, haifaffen Ingila da ya ƙaura Ostireliya a 1883. Sana'arsa horar da dawakai masu gardama, daga nan ya samo laƙabin Breaker, kuma yana rubuta waƙoƙi a wata mujalla ta birnin Sydney. Akwai Laftanar Peter Handcock, maƙeri mai kula da dawakan rundunar, da wani matashi, Laftanar George Witton.

A ranar 6 ga Agustan 1901 Bowa suka kashe Kyaftin Percy Hunt, amini kuma shugaban Morant, a wani hari da ya kai musu da dare a wata gona. Labari ya iso wa Morant cewa an wulaƙanta gawar. Daga nan ya rikiɗe. Ya sa aka harbe wani fursuna mai rauni a ƙafa, Floris Visser. Ya sa aka harbe wasu da suka zo miƙa wuya. An kuma tsinci gawar wani ɗan mishan mai suna Daniel Heese a kan hanya, bayan ya tsaya ya yi magana da fursunonin kafin a kashe su. A Janairun 1902 aka fara shari'a a garin Pietersburg, wanda yanzu ake kira Polokwane. Hujjar waɗanda ake tuhuma ɗaya ce: ba mu musanta harbin fursunoni ba, amma umarni muka bi. Hunt ya faɗa mana cewa daga hedikwatar Kitchener aka ce kada a riƙa kamo fursuna da rai. Ina takardar? Babu. Da baki aka faɗa. Hunt kuma yana kabari.

Kotu ta same su da laifin kisan fursunonin, ta wanke su daga na ɗan mishan. Da asubar 27 ga Fabrairun 1902 aka harbe Morant da Handcock a Firitoriya. Witton aka mayar masa da hukuncin ɗaurin rai da rai. A fim ɗin, su biyun suna tafiya zuwa kujerun da za a harbe su, rana tana fitowa, sai suka riƙe hannun juna. Ina kallon Kawu ta gefen ido, na ga ya cire hula yana shafa kai.

To, ga yadda ta kaya bayan an kunna fitila.

Barista ne ya fara, kuma da zafi. Ya ce shi ba ruwansa da ko sun yi ko ba su yi ba, wannan ba shari'a ba ce, wasan kwaikwayo ne da aka riga aka rubuta ƙarshensa. Kuma gaskiya yana da abin faɗa, don abubuwan da ya lissafa ba ƙirƙirar fim ba ce. An tsare mutanen kusan wata uku kafin a gurfanar da su. Lauyan da aka ba su, Manjo James Thomas, lauyan ƙauye ne daga wani gari da ake kira Tenterfield, aikinsa wasiyya da takardun filaye, kuma kwana ɗaya tak ya samu ya shirya kare ran mutane. Ana fafe gora ranar tafiya? Kanar Hall, kwamandan yankin, wanda ya fi kowa sanin irin umarnin da ke yawo, an tura shi Indiya kafin a zauna. Da aka je Firitoriya aka tambayi Kanar Hamilton, sakataren Kitchener, sai ya ce shi bai taɓa ba da irin wannan umarni ba, magana ta ƙare. Ana tsakiyar shari'a Bowa suka kawo hari garin, aka buɗe wa waɗanda ake tuhuma ƙofa, aka ba su bindigogi suka taya kare gari, da ƙura ta lafa aka mayar da su aka kulle. Alƙalan da kansu sun nemi a yi sassauci, Kitchener ya sa hannu a takardar kisa. Ba a sanar da gwamnatin Ostireliya ba sai bayan an binne su. Cikakkun takardun zaman kotun kuma har yau ba a same su ba. Barista ya ce, "Malam, ko ɓarawon akuya aka yi wa haka, a ɗaukaka ƙara sai an rushe hukuncin."

Kawu bai yi sauri ba. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje sau biyu, ya san abin da mu ba mu sani ba. Ya ce, "Ku 'yan boko kuna ta neman takarda. A soja, umarnin da za a iya rubutawa shi ake rubutawa. Wanda ba za a iya ba, kallo ne, ko gyaran murya, ko a ce maka ka san abin da ya kamata." Na ɗauka ya bi bayan Morant ke nan. Sai ya juyo ya ce, "Amma ɗana, mutumin da ya ajiye bindiga ya ɗaga hannu, ba a harbinsa. Wannan ko kurtu ɗan wata uku ya sani. Harbin da aka yi musu bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, kujerun biyu ne kawai. Ya kamata a jera goma."

Ƙanen nan nawa na ofis, ɗan zamani ne, yana ta danna waya. Ya ce, "Yallaɓai, ni fa ban ga abin tausayi ba. Bature ya kashe Bature a kan ƙasar baƙar fata, wani Baturen ya hukunta shi. Shekara ɗaya bayan wannan harbin, a Fabrairun 1903, sojojin daular nan suka shiga Kano. A 1906 aka shafe Satiru, aka kashe mutum wajen 2,000. Wace kotun soja aka kafa?" Ba wanda ya amsa masa, don ba amsa.

Sai uwargida, tana kwashe kofuna, ta ce, "Ni abin da na gani, an nuna mana masu kisan suna waƙa, suna barkwanci, suna rubuta wa iyalansu wasiƙa. Waɗanda aka kashe fa? Ba su da uwa? Ko sunansu ban riƙe ba." Ta shige ciki abinta.

Wallahi maganarta ce ta hana ni barci. Domin ni, in faɗi gaskiya, a daren farko ina tare da Barista ɗari bisa ɗari. Kuma na san dalili.

Shekaru da suka wuce, ina ƙaramin ma'aikaci, wani ogana ya kira ni ofis ya ce in shirya takardar biyan kuɗin wani aiki. Na duba fayil, babu shaidar an kammala aikin. Na faɗa masa. Ya ce daga sama aka ce, in yi kawai. Wani dattijon akawu da ke kusa da ritaya ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ka ce ya rubuta a fayil ya sa hannu." Ban iya ba. Wa zai kalli ogansa ya ce rubuta min? Na shirya, na sa hannu. Bayan shekara ɗaya da wani abu kwamitin bincike ya zo. Ogan ya dube ni a gaban mutane kamar bai taɓa ganina ba, ya ce shi bai san zancen ba. Ni na sha takardar tuhuma, ni aka tsallake a ƙarin girma, shi kuwa aka yi masa walimar ban kwana. Don haka da na ga Kanar Hamilton a fim ya miƙe ya ce bai ba da umarni ba, ba Hamilton na gani ba. Na san fuskar.

Na san takardar biyan kuɗi ba ran mutum ba ce, kada wani ya ce na haɗa su. Amma abin da ban cika faɗa ba idan ina ba da labarin nan shi ne, lokacin da na ɗauki biro, na san aikin ba a yi shi ba. An zalunce ni, haka ne. Kuma na yi. Duka biyun gaskiya ne, shekara da shekaru ina ba da rabin farko kawai.

Washegari na zauna na bi tarihin abin da ya faru a wajen fim. Abin da na tarar ya fi abin da aka nuna muni.

A fim fursunoni shida aka harbe a rukuni na biyu. A zahiri takwas ne, ranar 23 ga Agusta, sun zo miƙa wuya, wasunsu ma malaman makaranta ne 'yan Holan. Akwai kuma rukuni na uku da fim ɗin ya tsallake gaba ɗaya: ranar 7 ga Satumba, wani uba, Roelf van Staden, da 'ya'yansa biyu, ƙaramin yaro ne kuma yana fama da zazzaɓi. Suna tahowa ne su miƙa kansu. Aka harbe su duka. Wata guda ke nan bayan mutuwar Hunt. Wannan ba zafin zuciyar dare ɗaya ba ne. Jimilla mutum 12 aka tuhumi Morant da kisansu, ban da ɗan mishan.

Shi kuma ɗan mishan, fim ɗin bai ɓoye ba, ya nuna Handcock yana gaya wa Witton a kurkuku cewa shi ya harbe shi. Wannan yana da tushe. Witton ya fito daga kurkukun Ingila a 1904 bayan dubban 'yan Ostireliya sun sa hannu a takardar koke, ya rubuta littafi a 1907 yana cewa daula ce ta yi hadaya da su. Amma a 1929 ya rubuta wa Manjo Thomas wasiƙa, ya ce Handcock ya shaida masa cewa shi ya kashe Heese, kuma Morant ne ya tura shi. Wasiƙar ba ta fito fili ba sai a 1970. Wato kotun da Barista ke cewa ta zalunce su, a wannan tuhumar wanke su ta yi bisa shaidar ƙarya. Kuma Heese ba shi kaɗai ne a keken dokin ba. Akwai baƙar fatan da ke tuƙa shi, shi ma an harbe shi a wurin. Ban gan shi a fim ba. A yawancin labaran da ake bayarwa ko sunansa ba a kira.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne yadda maganar ta fito tun farko. Idan ka kalli fim, za ka ɗauka Kitchener ne ya zauna a ofis ya ƙulla makirci don ya lallashi Jamus kan ɗan mishan, ya kuma share hanyar sulhu da Bowa, shaidun da aka kawo kuma 'yan haushi ne da aka taɓa hukuntawa. Ba haka aka fara ba. Ranar 4 ga Oktoban 1901, ƙananan sojoji 15 na rundunar, cikinsu har da 'yan Ostireliya, suka sa hannu a wata wasiƙa a ɓoye suka aika wa Kanar Hall. Wani farabiti mai suna Robert Cochrane ne ya rubuta ta. Suka jero kashe-kashen ɗaya bayan ɗaya, har da harbin da wani hafsa ya sa aka yi wa kekunan shanu masu ɗauke da mata da yara, inda yara biyu suka mutu. Kuma sun san abin da suke sa kansu a ciki. A watan Yuli, kafin ma a kashe Hunt, an harbe wasu Bowa shida da suka miƙa wuya, sannan wani ɗan rundunar mai suna Van Buuren, da ake zargin ya yi magana a kai, ya fita sintiri bai dawo ba. Wasiƙar ta ce Handcock ne ya harbe shi.

Ku duba fa. Mutum 15, masu ƙaramin muƙami, a tsakiyar daji, sun ga abin da ya sami wanda ya buɗe baki, suka rubuta sunayensu a takarda. Su ma a cikin yaƙin nan suke, su ma an kashe musu abokai, su ma sun ji zancen umarnin. Idan yaƙi ne ke mayar da kowa haka, kamar yadda lauyan fim ya yi ta faɗa a jawabinsa na ƙarshe, su me ya hana su zama haka? Da ni ke da kuɗin shirya fim, labarinsu zan ɗauka.

Da na kawo wannan a dare na uku ne Barista ya fusata. Ya ce ina haɗa abu biyu da ba su haɗu ba, laifi daban, adalcin shari'a daban. Na ce na yarda, amma shi ma ya yarda cewa rashin adalcin shari'a ba ya tayar da yaron van Staden daga kabari. Ya ce to a rataye kowa ba shari'a mana. Ya tashi. Mun shirya washegari, kada ku damu, tare muka yi makaranta.

Kada kuma a ɗauka na wanke Kitchener. Ko kusa. Ba a taɓa samun rubutaccen umarninsa na a kashe duk fursuna ba, wanda aka tabbatar shi ne na harbe Bowan da aka kama sanye da kakin Ingila. Amma mutumin da ya ƙone gonaki ya cika sansanoni da gawar yara, ba sai ya rubuta komai ba kafin na ƙasa su gane irin yaƙin da ake so. Kuma yana da tarihi. 'Yan uwanmu na Sudan sun san shi. Shi ne ya jagoranci yaƙin Umdurman a Satumban 1898, inda aka kashe mabiya Mahadi wajen 10,000, nasa ɓangaren ba su kai 50 ba, aka ƙarasa masu rauni a fili, aka rushe hubbaren Mahadi. Winston Churchill, wanda yana wurin a matsayin ƙaramin hafsa, ya soki abin da aka yi wa masu raunin. Sakamakon Kitchener? Majalisar Ingila ta ba shi kyautar fam 30,000 bayan Sudan, ta ƙara masa 50,000 bayan Afirka ta Kudu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, sai dai a nan kurar ma ta ci mutane.

Akwai wani kuma da ya sha, Kyaftin Alfred Taylor, jami'in leƙen asiri na yankin. A fim an nuna shi kamar mutumin kirki da ya zo ba da shaida don taimakon abokai. Baƙar fatan yankin Bulala suke kiransa. Da na ga sunan na yi dariya, na ce ko Bahaushe ne ya raɗa masa, ashe a harsunan can kalmar kisa take nufi, ba dorina ba. An tuhume shi da ba da umarnin kashe Bowa shidan nan na Yuli, da kuma harbe wani baƙar fata da ya ƙi ba shi labarin inda Bowa suke. Kotu ta wanke shi tas. A nan maganar Kawu ta kujeru goma ta zauna daram.

Abin da na lura da shi, gardamar da muka yi a falona ita ce 'yan Ostireliya suke yi fiye da shekara ɗari. Ƙasar ta haɗe ta zama tarayya ne ranar 1 ga Janairun 1901, tana jaririya aka harbe mata mutane ba a ko gaya mata ba. Haushin ya shiga jini. A dokar tsaro ta 1903 suka taƙaita laifukan da za a yanke wa sojansu hukuncin kisa, suka ce kuma sai gwamnatinsu ta amince. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta harbe sojojinta fiye da 300, Ostireliya ba ta bari an harbe nata ko ɗaya ba. Da fim ɗin ya fito a 1980, ya kwashe kyaututtuka goma a gida, Jack Thompson da ya fito a lauya ya ci kyauta a bikin Cannes, Morant kuma ya zama gwarzo a idon mutane da yawa. Shi kansa Beresford ya faɗa daga baya cewa yana mamakin masu ɗaukar fim ɗin a matsayin labarin bayin Allah da Ingila ta shafa wa kashin kaji, don shi bai taɓa cewa ba su yi laifin ba. Na yarda da niyyarsa. Amma idan ka ba mutum ɗaya fuska da murya da waƙa da fitowar rana, ka bar ɗayan a matsayin inuwa a nesa da ta faɗi bayan ƙarar bindiga, ka riga ka zaɓar wa mai kallo inda hawayensa za su zuba.

A Amurka kuma da idon Biyetnam aka kalle shi. Ba a daɗe ba da shari'ar Laftanar William Calley kan kisan ƙauyen My Lai na 1968, inda aka kashe ɗaruruwan fararen hula, shi kaɗai aka samu da laifi, aka yanke masa rai da rai a 1971, ya ƙare da ɗaurin talala na shekara uku da wani abu a gida. Can ma haka mutane suka rabu, wasu na cewa an yi hadaya da ƙarami, wasu na cewa ƙaramin ai shi ya harba.

Doka dai ta yi ƙoƙarin rufe ƙofofin biyu, ko da a takarda ne. Yarjejeniyar Hague ta 1899, wadda Ingila ta sa wa hannu kafin duk wannan, ta hana kashe wanda ya ajiye makami, ta kuma hana shelar cewa ba za a bar kowa da rai ba. A Nuremberg a 1945 aka rubuta cewa "an umarce ni" ba ya wanke mutum, sai dai ya rage masa hukunci. A shari'ar Janar Yamashita na Japan kuma, wanda aka rataye a 1946, aka kafa cewa kwamanda na iya ɗaukar alhakin abin da yaransa suka yi ko da bai ba da umarni ba, idan bai hana ba. Da wannan ma'aunin aka auna 1902, da Morant bai tsira ba, da Kitchener ma bai kwana lafiya ba. Sai dai mu lura, Yamashita wanda aka ci da yaƙi ne.

A 2009 wani lauyan sojan ruwa na Ostireliya, James Unkles, ya kai koke ga Sarauniya a yafe wa mutanen uku. A 2010 gwamnatin Birtaniya ta ƙi. A 2012 ministar shari'a ta Ostireliya ita ma ta ce ba za ta bi maganar ba, saboda ba a musanta cewa an kashe fursunoni marasa makami ba. Sai ga Nuwamban 2020, rahoton alƙali Brereton ya fito, ya ce akwai sahihan bayanai cewa sojojin musamman na Ostireliya sun kashe fursunoni da fararen hula 39 a Afganistan ba bisa ƙa'ida ba, har da tilasta wa sababbin sojoji su harbe fursuna don su buɗe hannu. Wannan karon babu Kitchener, babu Ingila da za a ɗora wa. Kuma abin ya fito ne saboda wasu daga cikin sojojin sun buɗe baki.

Manjo Thomas, lauyan ƙauyen nan, bai sake zama daidai ba. Ya koma gida ya yi ta fama da maganar har aikin lauyan ya kuɓuce masa, ya rasu a 1942 cikin talauci. Morant da Handcock kabari ɗaya aka sa su a Firitoriya, 'yan Ostireliya na kai ziyara har gobe.

Jiya da yamma na raka Kawu bakin titi zai hau a-daidaita. Na ba shi labarin sojoji 15 ɗin nan da wasiƙarsu, na ce, "Kawu, da kai ne a wurin, za ka sa hannu?" Ya yi shiru har mai a-daidaita ya fara danna ham. Sai ya ce, "Lokacin da na je ta farko, 'ya'yana huɗu, babbar ba ta gama firamare ba." Ya shiga ya zauna, ya leƙo ya ce in sa yara su tura masa fim ɗin a waya, yana so ya sake kallo shi kaɗai.